Shuɗin da Inna Ta Zaɓa

Duk faɗin garin Bauchi, tun daga Gwallaga har ka ɓulla Inkil inda nake zaune, ban san wani mahaluki da ya mallaki teku ba sai ni. In na faɗi haka a majalisa sai a kwashe da dariya, wani ya ce, "To, Alhaji ya fara." Na fara ɗin. Amma tekun yana nan a falona, ko tsawon gado bai kai ba, da ruwansa mai gishiri, da duwatsunsa, da murjani mai rai, da kifayen da ko kakannin kakanninsu ba su taɓa jin labarin Bauchi ba.

A Jidda na kwaso ciwon. Shekarar da na je Umara, muna jiran jirgin dawowa, wani direba ya kai mu bakin teku mu sha iska. Na tsaya ina kallon ruwan nan, shuɗi mai haske, sai ka ce an wanke sararin sama an shanya shi a ƙasa. Nakan ce awa uku na yi a tsaye baki buɗe har wani tsuntsu ya leƙa ciki. Gaskiya dai ban fi minti ashirin ba, direban yana ta danna hon. Da muka koma masauki sai ga tankin gilashi a ɗakin karɓar baƙi, an zuba masa irin halittun da ke ƙarƙashin ruwan da na gani. Jama'a suka dawo gida da dabino da zamzam da tasbaha. Ni na dawo da ciwon kifi.

Da ƙaramin tanki na fara. Gishirinsa daga Legas ake aiko mini da shi a mota, don na miya ba ya yi. Na sa sola da batir saboda famfon da ke juya ruwan, don in ya tsaya rabin yini murjani ya fara mutuwa. Maiɗakina takan ce gishirin miya ya ƙare a gidan nan sati guda ban sani ba, amma na kifi ko cokali ɗaya ya ragu sai na tara mutanen gida a yi bincike. A bayan tankin akwai wata leda mai hoto da aka haɗo mini da ita, an zana ciyayi kore shar, da duwatsu ja da fari, da wani rusasshen gini da ban san na ina ba ne. Da tafiya ta yi tafiya, gishiri ya riƙa kutsawa tsakanin ledar da gilashin, ya bushe, ya yi fari-fari kamar taswirar ƙasashen da ba a gano ba tukuna. Ni dai ban damu ba. Na san inda kifayena suke, idona yana tsallake hoton ya same su.

Ana nan sai Inna ta dawo gidana da zama.

Inna mahaifiyata ce, ni ne ɗanta na fari. A ruga ta tashi, can wajen Zungur, a bayan shanu, aure ne ya shigo da ita gari. Tun da nake ban taɓa jin sunana a bakinta ba. Ko muna zaune tabarma ɗaya, in tana da magana da ni sai ta juya wajen maiɗakina ta ce, "Ki ce wa mutumin naki kaza." Ni kuma in amsa wa maiɗakina, ita ta zauna a tsakiya kamar tafinta a kotu. Haka muka saba, ba wanda yake jin nauyin abin.

Abin da ya kawo ta shi ne ido. Hawan jinin ido ne ya daɗe yana cinta ba ta faɗa wa kowa ba, sai da ta fara zuba nono a gefen ƙwarya. Likitan da ya duba ta ya ja ni gefe ya ce abin da ya tafi ba zai dawo ba, wanda ya rage kuma za a yi ta riƙonsa da maganin ɗigawa, amma yana zamewa a hankali. Ya ce, "Alhaji, in akwai abin da kuke so ta gani, ku nuna mata yanzu."

Maganar ta zauna mini. Na daɗe ina ɗaukar alkawarin zan kai Inna ta ga teku da idonta, matar da ba ta taɓa ganin ruwan da ya wuce kogi a damina ba. Kullum sai in ce baɗi. Yanzu ga gwiwa ta hana tafiya, ga ido yana sallama. Sai na ce to, ai ga teku a falo. Na sa mata kujera a gaban tankin, na yi ta bayani ta bakin maiɗakina. Ga mai ruwan goro da farar ɗamara, ga rawaya mai dogon baki, ga murjani, irin dai wanda uwarta take ɗaurawa a wuya, amma wannan da ransa. Inna ta kalla ta ce, "Ya yi kyau. Allah Ya yi albarka." Na tashi ina jin na sauke nauyi.

Na yi sati biyu ina wannan alfahari, sai wata rana maiɗakina ta kira ni kicin tana yanka kuɓewa.

"Alhaji, ka san me Inna ta tambaye ni ɗazu?"

"Me?"

"Wai talabijin ɗin nan naka me ya sa kullum tasha ɗaya yake nunawa, kuma ba a magana."

Na yi dariya har na riƙe ƙofa. Ita ba ta yi ba. Ta ci gaba da yankanta ta ce, "Ba ta ganin kifi ko ɗaya. Haske take gani da wani hargitsi."

"Amma ai ta ce ya yi kyau."

"Shekara nawa ina tare da Inna? Duk abin da ta ce ya yi kyau, ba ta gan shi ba ne. Abin da ta gani sai ta samo masa aibu. Ɗinkin sallata na bana ta ce ya yi kyau. Na bara da idonta yake da sauran ƙarfi cewa ta yi telan ya cuce ni a hannu."

Na koma falo na tsaya a bayan kujerar Inna, na runtse idona har ya kusa rufewa, na kalli tankin ta tsakanin gashin ido. Kifayen suka narke cikin ciyayin leda da rusasshen gini da taswirar gishiri. Ban ga komai ba sai hargitsi, kamar yadda aka ce.

A lokacin dama ina cikin aikin babban tanki. Wani mai yankan gilashi ya haɗa mini shi, yana ajiye a tsakar gida a kan benci biyu, babu ruwa. Na riga na yanke cewa wannan ba za a liƙa masa leda ba, fenti za a yi wa gilashin bayansa ta waje. Kuma wannan aiki sau ɗaya ake yinsa. Da zarar an jingina tankin da bango, an jera duwatsu, an cika ruwa, to ya zauna ke nan, nauyinsa ya fi na bijimi, ko hannu ba zai shiga bayansa ba balle buroshi. Launin da ka zaɓa da shi za ka zauna. Ni kuwa tun kafin a yanka gilashin na san launina, shuɗin Jidda, wanda yake cikin wayata da cikin kaina. Na ce wa raina tunda babu hoto babu hargitsi, Inna za ta ga kifi, kuma ta ga ainihin launin teku. Jifa ɗaya, tsuntsu biyu.

Na kira abokina mai fenti. Mutumin kudancin jiha ne, dattijo a cocinsu, shi ya sa nake kiransa Dattijo ko da na girme shi da 'yan watanni. A Gwallaga rumfarsa take, inda yake rubutu da zane a jikin manyan motoci da keke. In ka taɓa bin bayan wata tirela a hanyar Jos kana karanta nasiha, to wataƙila hannunsa ne. Na nuna masa hoton a waya.

"Wannan? Ai shuɗin ƙofar tirela ne, Alhaji. Na yi shi ya fi sau dubu."

"Ta waje za ka shafa, ba ta ciki ba. Ka rufe bakin tankin da leda, ko ɗigo ɗaya ya faɗa ciki ka kashe mini murjani kafin su zo."

"Kai dai tafi ofis. Kifi ma sai sun tambayi wa ya yi."

Na dawo bayan la'asar. Tun daga bakin ƙofa na hango bayan tankin yana sheƙi, shuɗi sak irin wanda na nuna masa. Na ce Allahu Akbar, Dattijo ya kawo Jidda Inkil. Yana zaune a kan bokiti yana wanke buroshi da kananzir, yana murmushin wanda ya san ya yi aiki. Na zagaya gaban tankin don in ga yadda zai kasance daga kujerar Inna.

Fari fat. Kamar bangon asibiti.

"Dattijo, ina shuɗin?"

"Ga shi nan a baya. Hannu uku na shafa masa, ɗaya kan ɗaya."

"Taso ka tsaya nan inda nake."

Ya taso yana goge hannu, ya tsaya kusa da ni. Ya kalla. Ya leƙa baya. Ya dawo gaba. Ya cire hularsa ya sosa kai, ya mayar.

"Kai! Ai fari na fara shimfiɗawa."

"Wa ya aike ka?"

"Wa zai aike ni? Haka ake yi! Wanda ya koya mini aiki, in ka ɗora kala ba ka shimfiɗa fari a ƙasa ba, da ƙotar buroshi zai kwaɗe ka. Farin ne ke sa kalar ta tashi." Ya sake kallon gilashin. "Tun ina saurayi nake fenti, kullum na ƙarshe ake gani. Yau ga abin da na farko ake gani."

"To ka ga ni da Inna mu zauna da bangon asibiti, tsaka kuma a bayan tanki ta yi ta kallon Jidda ita kaɗai."

Muka yi dariya har maiɗakina ta leƙo ta taga ta ce ko lafiya. Amma da dariyar ta lafa sai na tuna kwana nawa wannan zai ci, kuma kwanakin ba nawa ba ne.

Da reza muka kankare shi. Asabar tun safe, da Lahadi bayan ya taso daga coci, muna zaune a kan benci, shi ta dama ni ta hagu, fentin yana fita siri-siri kamar ɓawon rogo. Sai a hankali, don in rezar ta karce gilashin tabon ba ya fita. Aiki ne da ke sa mutum hira ko bai so ba. Nan na ba shi labarin Inna, da likita, da talabijin mai tasha ɗaya. Bai yi dariya ba. Ya ci gaba da kankara, can ya ce,

"Kifin wane launi ne?"

"Akwai ruwan goro, akwai rawaya, akwai wasu ƙanana shuɗaye."

"Fitilar tankin fa?"

"Ita ma tana da shuɗi-shuɗi. Haka murjani yake so."

"To Alhaji, shuɗiyar fitila, shuɗin baya mai haske, ka ce Mama ta nemo kifi a ciki? Ko ni sai na sa tabarau." Ya busa garin fentin da ke kan rezarsa. "Masu mota suna zuwa wurina, kowa da kalar da yake so. Wani ya ce a rubuta masa da kore a kan shuɗi, don ita ce kalar da matarsa take so. Nakan ce masa, maigida, kai a gaba kake zaune, ba za ka taɓa karanta bayan motarka ba. Na bayanka ake yi wa, wanda yake nesa, rana tana dukan idonsa. In kana so ya karanta, ka ba shi rawaya a kan duhu."

"Dattijo, teku ba duhu ba ne. Na gan shi da idona."

"Ka gan shi da idonka," in ji shi, bai ƙara ba.

Na ji haushi, ba zan ɓoye ba. Shekaru ina ɗauke da launin nan. Duk sanda ofis ya ishe ni, nakan buɗe waya in kalle shi. Na so in shigo gida kullum in tarar da shi yana jirana. Kuma na so in ce wa Inna, ta bakin maiɗakina, ga shi, haka yake, ban yi ƙari ba, don ni mutum ne da in na faɗi gaskiya ma sai an rage mata kashi biyu kafin a karɓa. Na yi ta gardama da Dattijo har muka gama kankara, ina kawo hujja, yana cewa "to". Babu abin da ya fi cin rai irin gardama da mai cewa "to".

Maiɗakina ce ta raba mu. Ta ce tunda ga ƙaramin tanki da kifaye a ciki, a cire ledar nan, a riƙa rataya tufafi a bayansa ɗaya bayan ɗaya, Inna na zaune a kujerarta. Ta ce kada wanda ya tambaye ta ko ta gani. A dai saurara.

Washegari da hantsi muka yi, labulen taga a yadda yake kullum. Na ɓare ledar, na wanke gishirin. Ni da Dattijo muka riƙe tufa ta bayan tankin, kowa da kusurwarsa, maiɗakina ta zauna a ƙasa kusa da ƙafar Inna tana tsince shinkafa kamar ba abin da ake yi. Na fara da wata shaddata shuɗiya mai haske, wadda na ɗinka musamman don ta yi kama da ruwan Jidda.

"Inna, an canza wa kifi labule," in ji maiɗakina.

Inna ta ɗaga kai. "Ya yi kyau."

Dattijo ya kalle ni ta saman shaddar. Na ɗauke kai. Muka sa wani koren zane. Ya yi kyau. Muka sa farin zanen gado, ta kare ido da hannu ta ce ya yi kyau ƙwarai. Muka sa wata shadda shuɗiya da ta ɗan fi ta farko duhu, ta ɗan daɗe tana kallo, sai ta sa albarka. Ban taɓa jin sa albarka ta yi mini ɗaci ba sai ranar.

Sai maiɗakina ta miƙo baƙar abayarta. Muna warware ta a bayan gilashin, ni kaina na ga abin da ya faru. Kifayen suka fito kamar an kunna su. Rawayan nan ya zama kamar yankakken mangwaro yana yawo. Inna ta miƙe zaune, kanta ya bi shi daga wannan gefe zuwa wancan.

"Wannan rawayan ai ramamme ne," in ji ta. "Ki ce wa mutumin naki ba ya ba shi abinci ne?"

Dattijo ya saki kusurwarsa ya tafa hannu, abayar ta zame, sai da muka sake ɗagawa. Kifin nan ya fi ni cin abinci, amma ban taɓa jin daɗin zagi irin wannan ba. Na ce shi ke nan, baƙi za a yi, na haƙura da Jidda.

Inna ta ci gaba da kallo. Can sai na ga ta daina bin kifin, idonta ya tsaya a kan baƙin da ke bayansa. Ta kau da kai. Ta dafa kafaɗar maiɗakina ta ce a hankali,

"Cire baƙin nan, 'yata. Shi kam yana nan yana jirana, ba sai an kawo mini shi falo ba."

Tun da aka fara zancen idon nan, wannan ne karo na farko da ta ambaci abin da bakinta. Muka sauke abayar. Na tsaya da ita a hannu ban san inda zan ajiye ta ba.

Inna ce ta sake magana. Ta ce wa maiɗakina ta shiga ɗakinta, a ƙasan akwati akwai wani zane, ta ɗauko. Tsohon zane ne na saƙi, rinin shuni, wanda aka tsoma a marina aka sake tsomawa har ya yi duhu, amma shekaru da wanki sun ɗan sassauta shi. A ɗaki ka ce baƙi ne, in haske ya taɓa shi sai shuɗin ya taso daga ciki. Na san zanen. Da shi aka goya ni, da shi aka goya ƙannena. Muka rataya shi. Rawayan ya fito, masu ruwan goro suka fito, bayansu kuma ba rami ba ne, ruwa ne mai zurfi. Inna ta kalla ta daɗe.

"Masu ɗamarar nan biyu ne ko uku? Ba sa tsayawa wuri ɗaya a ƙirga su, marasa tarbiyya."

Biyu ne. Maiɗakina ta sunkuyar da kai cikin shinkafarta, kafaɗunta suna rawa, ban san ko dariya take ba ko wani abin.

Haɗa fentin ya ci mana yini guda. Dattijo ya zo da gutsattsarin gilashi daga wurin mai yanka, ya zuba shuɗi a gwangwani, ya riƙa ɗiga baƙi da tsinke yana juyawa. Kowane haɗi sai ya shafa a gutsure ɗaya, a jira ya sha iska, a juya shi a kalla ta ɗayan gefen, don yanzu ya koyi darasi, ko tabarau ka ba shi sai ya juya ya duba. Kuma ba a tsakar gida ake dubawa ba, sai a shiga falo a kara shi da zanen a ƙarƙashin fitilar tankin, don wanda ya yi daidai a rana yakan koma wani abu a can. Wani ya yi ruwan toka, wani ya yi kamar tawada. A na bakwai ko na takwas muka ajiye gutsuren a kan zanen muka rasa inda ɗaya ya ƙare ɗaya ya fara.

Ya goge gilashin tas har yana ƙara a ƙarƙashin tsumma, don ko zanen yatsa ya rage zai fito ta gaba. Ya shafa hannun farko siriri, yana ta gunaguni cewa hannunsa yana ƙaiƙayin fari. Da ya bushe muka tsaya ta gaba muna kallon rana ta cikinsa, duk inda haske ya ɓullo kamar bakin allura ya sa alama. Hannu na biyu ya rufe su, na uku ya gama. Bayan kwana biyu maƙwabta shida suka taya mu ɗauka, ana "a hankali, a hankali", har aka jingina shi da bango. Daga ranar ba wanda ya sake ganin bayansa.

Saura jira. Sabon ruwan gishiri ba a sa masa kifi nan take, sai an jera duwatsu an bar famfo yana juyawa makonni, har ruwan ya nuna. Duwatsun daga Legas aka aiko su a jiƙe cikin kula, na haɗa da na tsohon tankin don abin ya yi sauri. Duk safiya in gwada ruwan, duk safiya maiɗakina ta ɗiga wa Inna magani, ni kuma ina lissafin wanne zai riga wanne. Sau biyu na ɗauki 'yar koma zan kwaso kifayen kafin lokaci, sai in tuna in suka mutu ba abin da za a nuna, in mayar. A tsawon makonnin zanen yana rataye a bayan ƙaramin tankin, Inna tana zaune gabansa tana yi wa kifaye faɗa.

Da ruwan ya nuna muka mayar da su babban gida, aka wanke zanen aka mayar ƙasan akwati. Abokaina na majalisa da suka zo gani, ɗaya ya ce, "Alhaji, wannan ne tekun da ka cika mu da labarinsa? Ai ka ce kamar sama yake." Na ce wannan ƙasan ne, saman yana Jidda, duk mai so ya biya kujera. Gaskiyar magana, wani lokaci in na shigo daga ofis nakan ji kewar wancan shuɗin. Ba na jin zan sake yin wani tankin, ƙarfina da bayana duk sun ƙare a wannan.

Kamar wata guda da komawarsu, ina shirin fita da safe, sai na ji Inna tana cewa, "Ki ce wa mutumin naki akwai gizo-gizo a dutsensa."

Na ce wa maiɗakina ta ce mata babu gizo-gizo a teku, kuma duk abin da ke cikin tankin nan ni na sa shi da hannuna, na san su kamar 'ya'yana. Inna ta miƙa yatsa wajen wani dutse a ƙasa ta hagu. Na durƙusa da babbar rigata na manna fuska da gilashi. Ban ga komai ba. Ina shirin tashi sai wani ɗan farin abu ya motsa a bakin rami, ya miƙo ƙafa ɗaya, ya miƙo ta biyu. 'Yar ƙaguwa ce, ba ta fi ƙwayar gyaɗa ba, fara-fara, ta fito sarai a kan duhun bayan. A cikin dutsen ta ɓuya tun daga Legas, ta yi makonni a gidana tana ci tana sha ban sani ba.

Masu kiwon murjani sun ce irin wannan a fitar da ita, ɓarna take yi. Na ɗauko 'yar koma. Inna ta ce wa maiɗakina, "Baƙuwa ce, ta yi tafiya mai nisa. A bar ta." Aka bar ta. Ta cinye mini gefen murjanin da na fi so, ta yi ƙiba, har yanzu tana nan.

Yanzu kowace safiya kafin in fita, Inna takan miƙa yatsa ta ce wa maiɗakina ga baƙuwar can. Sai in durƙusa in duba. Wata rana tana wurin. Wata rana dutse ne kawai, in tashi in kaɗe gwiwa in ce na gan ta. Ban faɗa wa kowa ba, amma ina lura. Har zuwa yau ranakun da take wurin sun fi yawa.